Makullin Rumbun 'Yan Ƙwallon Tebur

Zuwa ga ƙanena, Autan Mama,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

"Yaya, ke kika tara mutanen nan da ƙafarki. Nawa kawai in gina miki rumbun, in miƙa miki makulli, kuma babu mai taɓa shi sai ke." Maganarka ce wannan, ba tawa ba. Ka faɗe ta a falon Mama zuwanka na ƙarshe, kana zaune a ƙasa ka jingina da kujera, kwamfuta a cinyarka, akwatin katunana a buɗe a gabanka. Na ɗora ta a sama ne don kada gaisuwa ta yi tsawo ka ce ba ka gane abin da ya sa na ɗauki biro ba. Yanzu bari in gaishe ka yadda aka koya mana a gida.

Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Uwar Biyu da yaran. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, ya kare ka daga sharrin mutane, ya kuma ba ka ikon cika abin da bakinka ya ɗauka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Hawan jinin Mama ya sauka tun da aka canza mata magani, har ta koma zaman baranda da yamma tana yanke wa masu wucewa hukunci a kan tafiyarsu. Kawu ya warke daga aikin idon da aka yi masa, yanzu yana ganin komai, kuma babu abin da ya gani ya yi masa daɗi. 'Yar wajena ta gama jarrabawa, tana gida tana barci kamar aikin da aka ɗauke ta ke nan. Baban yara yana gaishe ka, ya ce in faɗa maka babu hannunsa a wasiƙar nan, shawararsa ma ita ce in bari sai na huce. Na bari, ban huce ba. 'Yar'uwarmu Gimbiya ma lafiyarta ƙalau, kuma ai ka fi ni sanin haka, tunda kullum kuna tare a waya.

Ka san labarin, amma tunda mantuwa ta fara kama ka da ƙuruciyarka, bari in tuna maka. Lokacin da yarana suka tasa na samu kaina, na tarar da tsohon teburin ƙwallo a zauren bayan laburaren da nake aiki, an tara masa karyayyun kujeru a kai, ƙafa ɗaya ta ruɓe. Na sa kafinta ya gyara, na ɗaura raga, na share zauren da hannuna, sannan na tsaya da raket babu wanda zan buga da shi. Na daɗe ina buga wa bango. Daga nan na fara tambaya, sai na gano garin nan cike yake da tebura, kowanne a ɓoye kamar abin kunya. Akwai ɗaya a ofishin 'yan kwana-kwana, ɗaya a ɗakin hutun ma'aikatan asibiti, ɗaya a bayan shagon mai aski, ɗaya a barandar tsohon alƙalin nan mai ritaya, ɗaya kuma a inda direbobin bas suke jiran layi. A kowane tebur mutum biyu ne ko uku, shekara da shekaru suna buga wa junansu, kowa ya haddace hannun ɗan'uwansa, har wasan ya koma kamar hirar tsofaffin ma'aurata. Babu wanda ya san da zaman wani.

Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya. Direbobi da suka gan ni da biro sun ɗauka jami'ar haraji ce, suka watse suka bar ni da tebur, sai da na ɗauki raket na cinye wanda ya rage sannan suka dawo. Tsohon alƙali kuwa sai da ya yi min tambayoyi kamar ni ake tuhuma kafin ya ba ni kujera. A lokacin ne laburare ya daina amfani da katunan jerin littattafai ya koma kwamfuta, aka ce a zubar da tsofaffin, na roƙi akwati ɗaya da fararen katunan da suka rage. Kowane ɗan wasa kati guda: suna, lambar waya, hannun da yake bugawa da shi, ƙarfinsa, ranar da yake samun sarari, teburin da ya fi kusa da shi. A bayan katin kuma nake rubuta abin da ba a tambaya sai dai a lura, wato wanda ba ya son a kira shi lokacin aiki, wanda in ya sha kashi sai ya daina gaisawa da mutum, da wanda bai kamata a haɗa shi da wane ba.

Ba kowa ke ba da lambarsa haka kawai ba, musamman mata. Kowa na yi masa alkawari da bakina cewa lambarsa amana ce a wurina, ba zan ba wani ba. In mutum yana neman abokin wasa ni zai kira, in duba akwati, in kira wancan in ji ko yana so, sannan in haɗa su. Hanyar tana da jinkiri, na sani. Shi ya sa da ka ce za ka mayar da katunan rumbun bayanai a kwamfuta, mai nema ya shiga ya ga wanda ke kusa da shi, ni kuma in riƙa amincewa kafin a buɗe wa kowa lamba, na ji daɗi har na gundiri mutane da labarin ƙanena. Na zauna na karanta maka katunan nan kana shigarwa har muryata ta dishe, Mama tana ta ce mana mu tashi abinci ya huce.

Ka koma, na yi ta jiran makulli. Na tambaye ka, ka ce saura kaɗan. Na sake tambaya, ka ce ana gwaji. Ban san da wa ake gwajin ba sai wata Asabar da na shiga zaure, shugaban 'yan kwana-kwana ya tare ni da fara'a yana yi min barka, wai ashe ƙanwata haziƙa ce haka, ta yi wa 'yan wasan garin nan abin da ba a taɓa yi musu ba. Ya ciro wayarsa ya nuna min. A saman shafin hoton Gimbiya ne, ta rungume raket a ƙirji tana murmushi, a ƙasa an rubuta ita ce mai kula da rumbu. Na yi ta jan shafin da yatsa ina neman kaina. Na samu sunana can ƙasa, tsakanin mai aski da wani direba, kuma a gefensa an rubuta rukunin dattawa. Mutumin yana tsaye yana jiran in ce wani abu, sai na ce Allah ya yi mata albarka. Ban taɓa yin addu'a bakina yana ɗaci irin na ranar ba.

Auta, Gimbiya bara ta fara wasan nan, kuma likita ne ya turo ta, ya ce ta riƙa motsa jiki. Kafin ta buga ƙwallo ɗaya ta sayi takalmi da jaka da abin ɗaurin hannu kala-kala. Ni na koya mata riƙon raket, da ta zo kamar ludayi take riƙe shi. Da na tuhume ta a kicin ɗin Mama, ko idonta bai ƙifta ba. Ta ce kai ka ce Yaya ba ta son waya, saƙo sai ya kwana ba ta amsa ba, gara a ba wanda hannunsa ke kan waya kullum, kuma ai duk gida ɗaya ne, taimako take yi min. Ni ce ba na son na'ura? Ni da na shigar da littattafan laburare guda cikin kwamfuta lokacin kana ɗalibi? Ina jinkirin amsa saƙo ne don ina karantawa kafin in amsa, ɗabi'ar da ban ga ta yaɗu a gidanmu ba. Tunda ka ce ban iya waya ba, ga takarda, ka karanta a hankali.

Batun rukunin dattawa kuma, na gane ka raba mutane da shekarun haihuwa ne don shi ya fi sauƙin lissafi. Ƙwallon tebur ba gudun fanfalaki ba ne. Tsohon alƙali ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma har yau babu saurayi a garin nan da yake karɓar sabis ɗinsa, wato bugun buɗe wasa, bai ji kunya ba. Da ka tambaye ni, da na faɗa maka da hannu ake raba 'yan wasa. Ba ka tambaye ni ba, Gimbiya ka tambaya, wadda duk wanda ya girme ta dattijo ne a wurinta.

Ta kuma faɗa min ka goge duk abin da ke bayan katunan, wai gulma ce ba bayani ba. To ga abin da ya biyo baya. Rumbunka ya haɗa mai kantin magani da mijin ƙanwarsa, don ƙarfinsu ɗaya, unguwarsu ɗaya. Mutanen nan ba sa gaisawa tun rikicin katangar da ke tsakanin gidajensu. Kowa ya zo zaure da raket bai duba da wa zai buga ba, suka yi ido huɗu a bakin tebur. Aka yi wasan kowa yana auna ƙirjin ɗan'uwansa maimakon tebur, daga ƙarshe ɗaya ya fita ya bar jakarsa. Wannan abin dariya ne, na yarda, ni ma na dara. Wanda ba na dariya ba shi ne lambobi. Gimbiya ta ce jiran amincewa ɓata lokaci ne, ta buɗe wa kowa. Malamar lissafin nan da mijinta ya rasu, wadda sai da na yi ta sintiri gidanta kafin ta yarda ta riƙa fitowa wasa, ta zo har teburina a laburare ta ajiye wayarta a gabana. Maza ne da ba ta sani ba suke kira, wani ya ce abokin wasa yake nema, wani bai ma ɓoye abin da yake nema ba. Ba ta ɗaga murya ba. Kallona kawai ta yi, ta ce ita ni ta ba lambarta, ba kwamfuta ba. Tun ranar ba ta sake taka zaure ba. Ba kai ta yi wa wannan kallon ba, ba Gimbiya ba, ni ta yi wa.

Zan faɗa maka gaskiya, don ban iya rubuta ƙarya da biro ba: rumbun yana aiki, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai. Zaure ya cika. Mutanen da ban taɓa gani ba suna shigowa da raket a hammata, an ƙaro tebur na biyu, direbobi suna buga wa likitoci. Abin da na yi shekaru ina fata ke nan, ga shi ya zo, wayata kuma ta yi shiru. Da, ranar Juma'a da yamma ba na samun sukunin cin abinci saboda kira, har Baban yara yana ce min ofishin haɗa aure. Yanzu sai in ɗauki wayar in duba ko ta mutu ne. Mai shirin wasanni na rediyo ya gayyaci Gimbiya, Mama ta sa aka ƙara murya, ta kira Kawu ya saurara. Na ji Gimbiya da kunnena tana cewa tunani ne ya zo mata wata rana, ta ga 'yan wasa a warwatse, sai ita da ƙanenta suka zauna suka tattara su. Ita da ƙanenta. Mama ta juyo ta ce min in ga yadda Allah ya yi wa yarinyar nan baki. Haka Baba ma yake cewa, Allah ya jiƙansa, duk ranar da na yi aikin gida ita ta kai masa labari. Kishi nake yi, Auta, ba sai ka je kana raɗa wa matarka ba, na faɗa da kaina. Mace mai shekaruna tana kishin ƙanwarta a kan ƙwallon da iska ke ɗauka. Na karanta littattafai da yawa a kan masu irin wannan ciwo, na san yadda suke ƙarewa, kuma sanin bai rage min komai ba.

Gimbiya ban yi mamakinta ba, halinta ne tun muna yara, in ta ga abu mai sheƙi a hannunka sai ta ce dama tana so. Kai ne ban gane ba. Kwamfutar farko da yatsanka ya taɓa ta laburare ce, ni na zaunar da kai a kujerata bayan an tashi, ina tsaye a bakin ƙofa ina gadi. Na san ita ta fi ni daɗin hira, tana turo maka hotuna da barkwanci, ni kuma in na kira sai in tambaye ka ko kana barci isasshe. Ka fi son kiranta, ba komai, ba a tilasta wannan. Amma alkawarin ba da ita ka yi ba.

Duk wannan da zan haɗiye. Zan bar mata hoton, in bar mata rediyon. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne Bahaguwa.

Ba ka wasan, don haka bari in yi maka bayani. A wasan bibbiyu ba wanda ya ga dama ke bugawa ba, karɓa-karɓa ake yi: in na buga, dole in kauce abokiyata ta buga na gaba. In dukanku da dama kuke bugawa, gefe ɗaya za ku riƙa gudu, kuna karo, kuna taka ƙafar juna. Amma in ɗaya bahago ne, kowa ya buga sai ya zame ta ɓangarensa, tebur ya zauna a buɗe. Duk mai wasan bibbiyu mafarkinsa ke nan, kuma cikin matan da ke wasa a garin nan babu bahaguwa ko ɗaya. Na yi shekaru ina kallon hannun mutane. Wata rana wata ungozoma ta zo aron littafi, littafin ya zame daga bakin tebur, ta cafke shi da hagu kafin ya kai ƙasa, ko kallonsa ba ta yi ba. Na ƙi buga mata hatimi sai da ta yi min alkawarin leƙowa zaure. Ba ta taɓa riƙe raket ba a rayuwarta. Ni na koya mata tsayuwa, na koya mata yanka, na koya mata murɗa ƙwallo. Takan zo a gajiye bayan ta sauka daga aiki, warin maganin asibiti bai gama barin jikinta ba, ina jefa mata ƙwallo kwando-kwando. Har sunan Bahaguwa ni na sa mata, yanzu mijinta ma haka yake kiranta. Bara mun kai wasan ƙarshe a gasar 'yan sha'awa ta gari, wasu 'yan mata biyu suka cinye mu da ƙyar. A bas ɗin komawa gida ta dafa gwiwata ta ce bana tamu ce.

A katinta na rubuta hagu, na ja layi biyu a ƙasa, na karanta maka ka shigar. Gimbiya da ta samu makulli ba ta sha wahalar shekaru ba. Kalma ɗaya ta rubuta a wurin nema, suna ɗaya ya fito, da lamba a gefe. Ta kira ta, ta ce mata gwiwar Yaya ta matsa mata bana, kuma rumbu ya sa Yaya a dattawa, ba ya karɓar rajistar mutum biyu daga rukuni daban-daban, don haka kada Bahaguwa ta rasa gasa, ita za ta tsaya mata. Gwiwata sau ɗaya ta yi ciwo, da damina, na ɗaure ta na buga. Bahaguwa ta zo laburare mayar da littafi, ta tsaya tana juya shi a hannu, ta kasa kallona. Ta ce ita ta ɗauka da sanina aka yi, ta riga ta amsa, kuma ba za ta shiga tsakanin 'yan'uwa ba, duk wadda rumbu ya rubuta ta da ita, da ita za ta buga. Ban ga laifinta ba, mace ce mai kunya, aikinta karɓar haihuwa ne ba rabon faɗa ba. Kwamitin gasa kuwa bana ta rumbunka yake karɓar rajista, kuma ƙarshen watan nan zai rufe. Ka ga inda ka ajiye ni.

Talatar da ta wuce ina jera littattafai kusa da tagar da ke kallon zaure na ji ƙarar ƙwallo. Su ne, suna atisaye da direbobi biyu. Na tsaya da littattafai a hannu ina leƙe ta gilashi kamar wadda aka kora daga aji. Gimbiya in ta buga sai ta tsaya tana kallon inda ƙwallon ya tafi, ba ta kaucewa, sai Bahaguwa ta zagaye ta ta ceto shi, su yi dariya su tafa. Wannan ma na jure. Sai sabis ya zo kan Gimbiya, na ga ta sa hannu ƙarƙashin tebur ta miƙe ƙaramin yatsa. Auta, alamarmu ce. Ni da Bahaguwa muka ƙirƙire ta don abokiyar wasa ta san abin da ke zuwa: ƙaramin yatsa gajeren sabis mai yanka, babban yatsa dogo zuwa kusurwa, dunƙulen hannu babu murɗi. Ko Baban yara bai san su ba. Bahaguwa ta koya wa Gimbiya ke nan. Kuma Gimbiya ta nuna gajere ta buga dogo, ƙwallo ya wuce tebur ya bugi bango. Na koma na jera littattafan tarihi cikin na girke-girke, sai washegari na gano.

Ba na neman ka rushe abin da ka gina, aikin ya yi kyau, na ga hannunka a ciki. Ba na ma neman ka cire hoton Gimbiya, ta yi kyau, kullum tana yin kyau. Ta zauna ta riƙa amsa saƙonni, ta fi ni saurin yatsa. Abin da nake nema shi ne abin da ka faɗa da bakinka a falon Mama. In makullin ya zo hannuna, a ranar zan rufe lambobin mutane, in fasa rukunin nan naka na shekaru, in rubuta sunana kusa da na Bahaguwa inda yake tun farko. Kada ka kira ni ka ce mu zauna mu fahimci juna, na fahimta sarai. Kada ka ce a ba mu makulli mu biyu don zaman lafiya, abin da na rufe da safe ita za ta buɗe da rana. Kada kuma ka turo min Mama, ta riga ta ce ni ce babba in yi haƙuri, maganar da nake ji tun ranar da aka haifi Gimbiya.

Na ba ka zuwa Juma'ar ƙarshe kafin a rufe rajista. In ta wuce ban ga saƙonka da makullin ba, wato kalmar sirrin shiga rumbun, ba zan sake tambaya ba. Akwatina yana nan, ban zubar da kati ko ɗaya ba. Zan ɗauke shi in bi mutanen nan da ƙafa yadda na bi su da farko, daga 'yan kwana-kwana har direbobi, in miƙa wa kowa katinsa a hannu, in ce masa alkawarin da na yi masa ya fi ƙarfina, lambarsa tana hannun da ban zaɓa ba, in yana so ya sa a cire. Wanda ya zauna, ya zauna da saninsa. Maza watakila kaɗan ne za su fita. Matan kuwa na san su.

Sannan zan shiga gasar. Tsohon alƙali ne shugaban kwamiti, ya ce min rajistar takarda ma tana shiga, shi bai ga dokar da ta hana ba. Jiya na leƙa malamar lissafi na taɓa mata maganar mu buga tare. Ba ta ce to ba. Ta tambaye ni wa ya buɗe lambobin, da na faɗa mata, sai ta tambayi ranar atisaye. Da dama muke bugawa mu duka, za mu yi karo, za mu taka juna, na sani. Amma ni na gina hannun Bahaguwa, na san inda ban gama ginawa ba, gajeren ƙwallo a bayan hannunta har yau tsoronsa take. Gimbiya kuwa ba ta taɓa ganin sabis ɗina mai murɗi ba, don ina tausaya mata ban taɓa yi mata shi ba. Zan ɗauko Mama a tasi in zaunar da ita a layin gaba, in sa 'yar wajena ta kira ka ta bidiyo ka kalla daga can. Addu'ata ɗaya ce, ƙuri'a ta haɗa mu tun zagayen farko.

Ka gaishe min da Uwar Biyu da kyau, ka ce mata ban manta da littafin da ta tafi da shi ba, amma wannan maganar wata wasiƙar ce. Ka shafa min kan 'yan biyu, da ƙaramar da har yau a hoto kawai na san ta. Mama tana gaishe ku, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi ka daina cin abinci a tsaye. Kawu yana gaisuwa, Baban yara ya sake cewa babu hannunsa. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ina sonka yadda nake sonka tun ina goyonka, wannan bai canza ba, kuma bai ƙara maka ko yini ɗaya a kan Juma'a ba.

Wassalam.

Yayarka,
ta rukunin dattawa.